Malfar da Na Fizge Daga Kanka

Zuwa ga ɗana na fari, direban kamiyo, babbar motar kaya, a hanyar Kotonu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka, ina sanar da kai cewa mu nan Gaya lafiya muke. Ruwan kogi ya fara ja da baya, ciwon gwiwata ne dai bai ja ba.

Na san za ka ji nauyin ganin wasiƙarka a inda kowa ke karantawa. Tun ran Lahadi nake kiran salularka, tana shiga, ba ka ɗauka. An ce mini ba ka barin rubutu ya wuce a shafin 'yan garinmu ba ka duba ba, shi ya sa na biyo ka nan. Da yatsa guda nake dannawa. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri, sai da furfura ta cika mini kai na shiga makarantar yaƙi da jahilci ta yamma.

Bari in fara da abin murna. 'Yarka Balkisa, wadda ka aiko yaye wurin mahaifiyarka ka bar mana ita har yau, tana ajin piramiye a lise, wato na kusa da ƙarshe a sakandare, baɗi za ta yi bak, jarrabawar fita. Shekarar nan babu babbar jarrabawa, don haka yara na samun sarari. Wasu ƙwallo ta ɗauke musu hankali, wasu na shuka albasa da salati a lambun makaranta, wasu na liƙa jarida a bango. Ita teyatur ta zaɓa, wasan kwaikwayo. Asabar da ta wuce ƙungiyarsu ta zo ta ɗaya cikin makarantun yankinmu, Asabar mai zuwa kuma za su Doso. Ni da ba na iya tashi daga tabarma sai na dafa bango, ran nan rawa na yi a gaban jama'a.

Da yamma ta aika maka hotuna. Amsarka ta iso muna cin tuwo, ta kunna saƙon da murmushinta. Muka ji ka ce: “Karatu aka kai ki, ba wasan banza ba. In na ƙara jin kin hau dandali, kin gama lakwal.” Ta wanke hannu ta shige ɗaki. Ni ma na ture kwanon gefe, don na gane maganar. Tawa ce. Ko kalma ɗaya ba ka canza ba.

Kana wannan ajin, shekara ashirin da wani abu ke nan, ka kawo mini takarda daga makaranta da hatimi a ƙasanta. A lokacin duk takarda mai hatimi sammaci ce a wurina. Ta duwan, masu karɓar kuɗin fito, haka take, ta jandarma haka take. Ban tambaye ka abin da ke ciki ba, ban kuma kai wa kowa ya karanta mini ba, kada a ji ɗan mai jirgi ya yi laifi a makaranta. Ranar kawai na riƙe. Kwana uku ina dafa fushi a cikina, alhali gayyata ce aka yi mini in zo in ga wasan da ka rubuta.

Ran nan na ɗaure jirgi a mashaya na taho, na tarar fili ya cika. Na hango ka bisa dandali da malfata, wadda na wuni ina nema, da filafili a hannu, ka lanƙwasa baya kamar nawa, kana ɗingishi irin nawa. Kana magana da Faransanci, mutane na faɗuwa don dariya. Ban ji ko kalma ba. Abin da na gani kawai, ɗana ya tara gari yana kwaikwayona. Na ratsa mutane na hau, na fizge malfar, na mare ka, na faɗi waccan maganar da ka maimaita wa 'yarka.

Ba ka yi kuka ba. Ka sunkuya ka ɗauki filafilin ka miƙo mini da hannu biyu. Kafin wata ya cika ka bi wata kamiyo a matsayin karen mota.

Washegarin marin, abokaina na bakin kogi suka yi ta jinjina mini, wai haka ake tarbiyya. Mushenku, malamin ajinku, ya zo gida sau biyu zai yi mini bayani, na sa aka ce ba na nan. Waɗanda suka rage cikin abokan nan, su ne ran Asabar suka riƙa kama hannuna suna cewa jikata ta fitar da mu kunya. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya tuna. Ni da kai kaɗai muka ɗauki wannan kaya.

Mahaifiyarka ta tsince kayenka, littafin da ka rubuta wasan a ciki, ta ɓoye a ƙasan akwatinta. Ba ta taɓa faɗa mini ba, har ta rasu. Ka zo gaisuwa, ka durƙusa ka gaishe ni kamar maƙwabci, ka yi kwana uku ka koma. Bayan nan ne Balkisa ta ga kayen cikin zannuwan kakarta. Bana ta mai da wasan naka zuwa Hausa don ƙungiyarsu, ta kwafe da manyan baƙaƙe, ta ajiye mini bisa gwiwa. Ka san bakinta da ni. Ta ce: “Angona, ga aikin gida. In ba ka gama kafin Jumma'a ba, na fasa auren.”

Kwana tara na yi ina bin layi da yatsa. Labarin wani tsohon mai jirgi ne wajen Tunuga, wanda ke ƙetarar da 'yan makaranta kowace safiya a shekarar ambaliya. Yana kiran jirginsa Hajiya, yana yi mata faɗa in ta sha ruwa, yana lallashinta in ta ƙi tafiya. Haka nake yi da nawa, ashe kana ji. Nan ne mutane ke dariya, nan ne na shigo. Da na tsaya kaɗan, da na ga inda jirgin ya fashe, tsohon ya ɗauki yaron ƙarshe a wuya ya fitar da shi gaɓa, da inda yaran suka girma suka dawo suka sassaƙa masa sabon jirgi. A shafin ƙarshe ka rubuta cewa kana so ka zama malamin makaranta a ƙauyukan bakin kogi. A takarda na ji wannan, ina da shekara saba'in.

Na sha tambayar kaina me ya hana ka faɗa mini. To ta wace ƙofa? Kai ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da kai ba. “Kai yaro” nake cewa, in ba ka nan kuma in ce “wancan”. Kunya ce ta gado, ban ƙirƙiro ta ba. Amma na sami wurin ɓuya a bayanta, na daɗe a ciki.

Fushinka da ni halal ɗinka ne, ka riƙe shi in ka ga dama. Sai dai yarinyar nan ba ta mare ka ba. Kowace shekara kana aiko mata kaye da bik na rubutu da takalma, amma ba ka taɓa tambayarta me take so ta zama ba. To ka ji. Aikin rediyo take so. Tana so ta rubuta wasanni da Hausa da Dandanci, don kada wani tsoho ya ƙara tsayawa bayan taro yana zato. Makinta na aji bai sauka ba, na je na tambayi mushensu da kaina. Wannan karon na tambaya.

An ba su takardar izinin tafiya Doso, ita ma da hatimi a ƙasa. An fassara mini ita layi-layi, na sa hannu da bik, sunana cikakke. Na zaci shi ke nan. Sai ta ninke takardar ta sa cikin kayenka, ta ce ba za ta hau dandali da fushin babanta a kai ba. Ran Alhamis ake rufe karɓa. Hannuna bai isa ba, muryarka take jira. In ba ta ji ta ba, za ta zauna, kuma na san irin zaman nan, na ga inda yake kai mutum.

Malfar da aka yi wasan da ita ran Asabar tawa ce, ni na ɗora ta bisa kan ɗalibin da ya fito a mai jirgi. Da aka gama, aka faɗi sunan wanda ya rubuta wasan a lasifika, gari duka ya tafa. Kowa ya faɗe shi ban da ni.

Sumaila. Ɗana Sumaila. Wasanka ya yi kyau. Na gan shi har ƙarshe.

Allah ya tsare ka a hanya, ya jiƙan mahaifiyarka da ta fi ni gani, ya sanyaya zuciyarka kafin Alhamis. Allah ya yafe mini, ya sa kai ma ka iya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Ɗanjuma Mai Jirgi, Gaya.