Furen Lemon Yaya

Litinin

Baban 'Yan Biyu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar? Ina fatan kana bin maganar likita, ba ka dogara sanda kana leƙa titi. Yara lafiya lau, suna gaishe ka.

Ƙudan zumarka ma lafiya, amya bakwai ɗin duka. Kwana uku ke nan ina ganin suna dawowa da nauyi, suna faɗowa bakin ƙofar amya kamar matan da suka taso daga kasuwa. Ka taɓa ce mini in na ga haka sun sami fure ne, in bi hanyarsu in san me suke sha. Na bi, kuma wallahi da na sani ban bi ba! Sun tsallake rafi, sun zarce gonar lemon Yaya. Bishiyoyin sun yi fari fat, kowane fure da ƙuda a kansa, ya zura harshe yana tsotsar ruwan zaƙin da ke can ƙasa.

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne, mai shagon kayan noma ya tsegunta mini Yaya ya sayi maganin ƙwari, Alhamis da safe zai fesa. Ka san in maganin ya sauka a kan fure, duk ƙudan da ya sha ya gama yawo. Ka kuma san shekara biyu ban taka gidansa ba, tun ranar da ƙudanka suka harbi ɗan maraƙinsa ya zage ka tas a gaban mutane. Ko da yake cikinmu ɗaya da shi, ni ba zan je roƙonsa ba. Zan nemi wata dabarar.

Taka,
Kafiya, tunda haka ka sa mini

Laraba da rana

Baban 'Yan Biyu,

Ina gaishe ka, da fatan kumburin ya saɓe. Ni dai hankalina ba a kwance yake ba.

Jiya na dama sukari da ruwa a faranti uku, na jera gaban amyoyin ko za su zauna gida. Ko kallo ba su yi ba, tururuwa ce ta ci riba. Ashe in akwai fure ba ruwansu da sukarina.

Yau da asuba na toshe ƙofofin da tsumma don in gwada. Kafin ƙarfe goma katakon amyoyin ya ɗau zafi, ciki sai ruri yake kamar injin niƙa. Tsoro ya kama ni kada in dafa su da hannuna, na zare tsumman. Suka fito fuu, sai gonar lemo.

Na saka takalmi na tafi gidan Yaya, Allah ne shaidata. Saura taku uku in kai ƙofa na ji tarinsa daga ciki, zagin nan ya dawo mini sabo fil, na juya. Kada ka yi mini faɗa. Gobe kafin ya ɗauki injin feshi zai gan ni.

Taka,
Kafiya

Alhamis

Baban 'Yan Biyu,

Ina gaishe ka. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Injin da Yaya ya aro ya zo da wuri, bai jira Alhamis ba. Lokacin da nake rubuta maka wasiƙar jiya, yana can yana feshi. Jiyan da la'asar na je duba amyoyi na tarar da ƙasa ta yi baƙi da ƙuda. Wasu suna juyi a bayansu, wasu sun mutu harshensu a waje, yadda suka zura shi cikin furen. Na yi kuka har yara suka tsorata.

Na kwashe su a kwano, na tafi ba takalmi, na zazzage su a gabansa. Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya ya daɗe yana kallo. Ya ce shi bai san a gonarsa suke ci ba, da an aiko masa ko kalma ɗaya, da ya jira fure ya kaɗe. Layi huɗu kawai ya fesa, ya rantse sauran ba zai taɓa ba sai lemo ya ƙulla.

Sannan ya gaya mini abin da ya karya ni. Jiya ya hango ni ta taga. Ya tashi ya saka riga don ya buɗe mini da kansa, ya fito ya tarar na tafi.

Amya biyu sun yi tsit, har da ta gindin tsamiya, wadda ka fara da ita. Biyar suna nan, da safe na ga suna fita. Yaya ya ce zai zo duba ka ranar Asabar. In za ka yi fushi, da ni za ka yi, kada ka ɗora wa maganinsa. Taku uku ne na kasa yi.

Ka yafe mini. Allah ya ba ka lafiya, ya dawo mana da kai.

Matarka