Tauraron da Wata Ya Ba Ni

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Inna?

Yaya, ina cikin tashin hankali. Kin san aikina: kyamarar ofishinmu tana ɗaukar hoton sama, ni kuma in zauna gaban kwamfuta ina auna hasken taurari dubu ɗari huɗu, ina neman wanda haskensa ke raguwa yana dawowa. Wanda na gano, wanda Inna ta cika unguwa da labarinsa, yana dusashewa duk kwana ashirin da tara da rabi. Ran Alhamis Shugabanmu zai sanar da shi a babban taro, da sunana a kai.

Jiya da hantsi ina shan shayi, idona ya faɗa kan kalandar bango mai zanen wata. Kwana ashirin da tara da rabi! Kwanakin wata ke nan cif! Na koma na duba: duk ranar da taurarona ya dusashe, wata ya cika. Farin wata ne ke shiga kyamarar, tauraron bai taɓa canzawa ba. Shekara biyu ina bin wata, ni 'yar boko!

Ban faɗa wa kowa ba. In na faɗa, aikina ya tafi. In na yi shiru, wani zai gano a gaban jama'a.

Ki taya ni da addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa, na ga amsarki, kuma na bi maganarki. Sau uku ina zuwa ƙofar Shugabanmu ina juyawa, a na huɗu na ƙwanƙwasa.

Bai yi faɗa ba, bai kore ni ba. Ya daɗe yana kallon kalandar da na ciro masa. Sai ya buɗe durowa ya miƙo mini jerin taurari arba'in da shi da kansa ya gano, waɗanda suka yi masa suna, ya ce in gwada su da kalandar.

Na duba goma sha ɗaya zuwa yanzu. Bakwai daga cikinsu su ma wata ne. Gobe da safe zan sake ƙwanƙwasa ƙofar nan, kuma tsorona ya fi na farko.

Ki gaishe da Inna, ki lallaɓa ta ta daina nuna wa maƙwabta sama.

Taki har kullum,
Auta