Jikan Tsauni Ba Buhun Masara Ba Ne

Zuwa ga Shugaban Sashen Wasanni na gidan rediyon da ke watsa shirin wasannin ƙetare duk ranar Talata da yamma, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka, ina gaida iyalinka da ma'aikatanka, da fatan aiki yana tafiya lafiya. Na gaishe ka ne don haka aka tarbiyyantar da ni, amma kada gaisuwar ta rufe maka ido: raina a ɓace yake, kuma gidanku ne ya ɓata shi.

Ni malamar makarantar sakandare ce a Gwarzo, haifaffiyar Durun ta ƙasar Kabo. Ni ce mahaifiyar yaron nan namu da ke buga ƙwallon Amurka, wadda wasu ke kira zari-ruga, a ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin can. Ɗana ne na fari, kuma sunan mahaifina gare shi, don haka ba za ka ga sunansa a takardar nan ba. Abba muke ce masa. Ka san al'adarmu, uwa ba ta buɗe baki ta yabi ɗan fari ko a ɗakinta, balle a bainar jama'a. Tun da na haife shi nake riƙe da wannan kunyar. Mai sharhinku ne ya sa na ajiye ta.

Ga abin da ya faru. A wani shiri da kuka yi bayan an gama girbin masara, mai sharhinku ya ɗauki ƙungiyar su Abba ya ce zai auna yadda take kai wa mai jifa farmaki. Ya karanto sunayen waɗanda suka kayar da mai jifa a kakar wasan bana, bai ga sunan Abba ba. Daga nan ya yanke hukunci cewa farmakin ƙungiyar ya mutu, kuma ɗan Kabo ne ya kashe shi. Ya ce buhun masara aka jingine a tsakiyar fili. Bai tsaya nan ba, sai da ya kira sunan mahaifina na fagen kokawa, ya ce: "Wai jikan Tsauni na Durun ke nan, kaka guda bai kai bayan kowa ƙasa ba." Abokan aikinsa suka yi dariya, aka saka talla.

Zan fara da wasan, tunda a nan ya yi ɓarna, sannan in zo kan gidanmu.

Na farko. Mai sharhinku ya auna wasan Amurka da mudun kokawa. A kokawa mutum biyu ne a fili, wanda ya kayar ya ci, wanda bai kayar ba ya koma gida. Wannan wasan ba haka yake ba. Akwai mai jifa, wanda ke karɓar ƙwallo ya ja da baya ya nemi wanda zai jefa wa. A gabansa ƙarti biyar ne suka yi masa katanga. A ɗaya ɓangaren, galibi mutum huɗu ne ake sakin su su fasa katangar, biyu ta gefe, biyu ta tsakiya. Abba na tsakiya ne. Ko ɗan aji ɗaya zai iya wannan lissafin: biyar sun tare huɗu, saura mutum ɗaya ba shi da abokin karo, dole ya je ya taya wani. Tambayar farko da mai hankali zai yi ita ce, wa suke zuwa tarewa su biyu? Ranka ya daɗe, ka sa a kunna maka kowane wasa na bana ka duba. Kusan kowane karo, ƙato biyu ne a ƙirjin Abba. Ba a haɗa wa buhun masara mutum biyu. Wanda ake tsoro ake haɗa wa.

Idan biyu suka tattaru a kansa, na gefe sun samu mutum ɗai-ɗai ke nan, su ne za su kutsa su kayar, sunansu ya shiga jerin da mai sharhinku ya karanto. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da ya tambayi kowane ɗan farauta a garin Gude, da ya gaya masa cewa wanda ya shiga sarƙaƙiya ya taso zomo daban, wanda zomon ya faɗo wa a fili ya kwaɗa masa gora daban, kuma ba wanda ke ce wa na cikin ƙaya rago don ya fito hannu wofi.

Na biyu. Kayarwa ba ita kaɗai ce riba ba, ita ce dai mai sauƙin ƙirgawa, shi ya sa malalaci ke son ta. Mai jifa yana bukatar kamar sakan uku, da wurin da zai taka ƙafarsa ta gaba ya saki ƙwallo. Idan na tsakiya ya turo katangar baya har ta taka masa yatsu, ba shi da wurin takawa. Sai ya jefa yana ja da baya, ko ya jefa kafin abokinsa ya juyo, ko ya wurgar waje don ya tsira da haƙarƙarinsa. Wani lokaci ƙwallon ta faɗa hannun abokan hamayya. Duk wannan aikin farmaki ne, amma ba za ka same shi a jerin masu kayarwa ba. Sai ka zauna ka kalla, ka mayar baya, ka sake kallo. Ni haka nake yi. Da yaron ya bar ƙwallon kwandon da ta kai shi karatu can ya koma wannan, ban san komai a cikinta ba, gani nake ƙarti ne kawai ke gwara kai. Na zauna na koya kamar yadda nake sa ɗalibaina su koyi abin da ba su so, ina dawowa daga makaranta in kunna hoton da ake ɗauka daga sama, wanda ke nuna kowa a inda yake tsaye. Abin da malamar makaranta ta iya yi tsakanin La'asar da Magariba, wanda ake biya albashi don sharhi ba shi da uzurin ƙin yin sa.

Na uku, kuma a nan ne na tabbata bai kalli wasan ba. Abokan hamayyar su Abba bana sun daina riƙe ƙwallo. Suna karɓa suke saki, gajeren jifa, gajeren jifa. Me ya sa? Don sun san tsakiyar katangarsu ba za ta jure ba. Wanda ya canja hanyar zuwa kasuwa saboda karen wani gida, ai ya shaidi karen, ko da bai taɓa cizonsa ba. Sannan akwai masu gadin baya, waɗanda aikinsu shi ne su manne wa masu karɓar jifa. Na ƙungiyar su Abba sabbin yara ne, ana kuɓuce musu da wuri. In mai jifa ya samu wanda zai jefa wa nan take, ko zaki ka saka a tsakiya ba zai kai gare shi ba. Mai sharhinku bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Kada ka ce uwa ce ke kare ɗanta ido rufe. Farmakin ƙungiyar yana da rauni, kuma zan faɗa. Na gefen hagu ya ji ciwo tun farkon kaka, wanda ya maye gurbinsa dabara ɗaya ya iya, gudu ta waje, kowa ya gane shi. Shi kansa Abba, idan wasa ya yi nisa ya gaji, yana miƙewa tsaye maimakon ya dunƙule ƙasa, kuma duk wanda ya miƙe an samu ƙirjinsa. Hannunsa ma yana jinkirin kaɓe hannun abokin karo. Na gaya masa wannan a waya ba sau ɗaya ba. Da mai sharhinku ya faɗi haka, wallahi da na ce ya yi aikinsa. Ban ƙi a soki ɗana ba. Na ƙi a soke shi da jahilci.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Mahaifina, wanda kuka kira Tsauni, ya tsufa ƙwarai. Idanunsa sun tafi, ƙafafun da suka tumɓuke ƙarti daga Kabo har ƙasar Katsina yanzu ba sa kai shi masallacin ƙofar gida sai an riƙe shi. Tun daminar bana yake kwance-tashi. Shi ya yaye Abba, a hannunsa ya girma, shi ya sa har yau yaron Yaya yake ce mini. Baba bai taɓa ganin wasan nan ba, ba kuma zai gani ba. Duniyarsa duka tana cikin ƙaramar rediyon da ke kan ƙirjinsa. Shi mutumin da ne: abin da rediyo ta faɗa, an tantance shi. Ni in na faɗa, 'yarsa ce ke magana.

Tsakaninsa da Abba wasan kaka da jika ne, mai zafi. Duk Juma'a yaron zai kira, Baba ya karɓi waya ya fara: ƙaton banza, ci-ma-zaune, an tafi ƙasar Turawa ana cin kaji, zo nan in kayar da kai da hannu ɗaya. Shi kuma ya rama, ya ce tsohon da tuwo ke kayarwa ne zai kayar da wa? Mutanen gida su yi ta dariya. Duk wanda ya san Baba ya san zagin nan shi ne alfaharinsa.

Tun ranar shirinku zagin ya tsaya. Juma'ar da ta biyo baya Abba ya kira, Baba ya amsa gaisuwa kamar yana gaisawa da baƙo, ya ce lafiya lau, Allah ya yi albarka, ya miƙa wa ƙanena wayar. Haka ta gaba, haka wadda ta bi ta. Warkin kokawarsa da ya ajiye shekara da shekaru yana cewa na mai sunansa ne, ya sa an sauke shi daga inda yake rataye an cusa a ƙarƙashin gado. Dattawan da ke zama da shi a zaure sun daina tambayar labarin Amurka, don kada su kunyata shi. Yara kuwa ba su da wannan kawaicin. Na ji da kunnena ana kiran gidanmu gidan buhun masara.

Na zauna gabansa na yi masa bayanin mutum biyu a kan ɗaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ya kayar ko bai kayar ba?" Na ce ba haka ake aunawa ba. Ya ce rediyo ta ce bai kayar ba. Ya juya fuskarsa bango.

Sai na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba, na kira shirinku kai tsaye. Na gabatar da kaina, na fara magana a kan katanga. Ban kai ƙarshen jimla ta biyu ba mai sharhinku ya katse ni, ya ce ai uwa ba ta shaidar ɗanta, Hajiya a yi haƙuri, a ci gaba da addu'a. Aka kashe layin. Baba yana ji. Ga jika rago, ga 'ya marar kunya tana yabon ɗan fari a gidan rediyo. Kun ba shi kunya biyu a wata guda.

Makon jiya Abba ya kira ni ni kaɗai. Mutumin da ƙarti biyu ke kasa turewa ne ke tambayata kamar ƙaramin yaro. Ya ce: "Yaya, Tsoho ya daina zagina. Me na yi masa?" Ba zai samu zuwa gida ba sai kakar wasa ta ƙare, kuma ni da nake juya Baba a shimfiɗa na san abin da nake gani. Rai na Allah ne, amma ba na so tsohon nan ya tafi yana zaton sunansa ya faɗi a ƙasar mutane, ba na so yaron nan ya rayu da "Allah ya yi albarka" irin ta baƙo a matsayin maganarsu ta ƙarshe.

Don haka ga abin da nake nema, kuma ba alfarma ba ce.

Ka sa mai sharhinku ya zauna ya kalli wasannin, cikakku, ba guntayen da ake yaɗawa a waya ba. Ya zuba ido a tsakiya, ya ga mutum nawa ke tare Abba, ya ga inda ƙafar mai jifa take a lokacin da ya saki ƙwallo. Sannan ya dawo a shirin Talata, a daidai lokacin da ya yi ɓarnar, da muryar da ya yi ta, ya faɗi abin da ya gani. Kada ku aiko mini da takardar ban haƙuri, Baba ba ya karatu da ido yanzu, kuma ba ni kuka yi wa laifi ba. Ya yi bayanin da harshen da tsohon ɗan kokawa zai gane: ya ce masa jikansa mutum biyu ake haɗa masa a kowane karo, kuma ba su kai shi ƙasa ba. Baba ya san ma'anar wannan fiye da ku duka. In kuma ya kalla da gaskiya ya ga buhun masara ne, ya faɗa da hujja, ni da hannuna zan ƙara wa Baba sautin rediyon.

Sannan ku daina ɗauko sunayen iyayen mutane kuna yin barkwanci da su. Magana zarar bunu ce, ku kun manta da ita kafin a gama talla, mu muna kwana da ita a Durun.

Ranar Talata ina tashi daga makaranta zan hau mota zuwa Durun. Na sayi sabon batir. Zan zauna a bakin gadonsa har shirin ya ƙare. Ba yabo nake jira in ji daga bakinsa ba, Baba bai taɓa yabon kowa ba. Jira nake ya ɗago kai ya ce a kira masa ƙaton banzan nan.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare harshenka da na ma'aikatanka daga abin da ba su da sani a kai, ya ba ka jikokin da za ka yi wasa da su har ƙarshen ranka, kada wani ya shiga tsakaninku.

Wassalam.

Malama Rakiya 'yar Tsauni,
Gwarzo.