Durƙuson Larai a Gaban Alƙalai

Tsamiyar Bawa,
ta hanyar Ɗambatta.

Zuwa ga ƙanena Sama'ilu,

Assalamu alaikum. "Yaya Hure, wata shida ne kawai. Da na karɓo katin koci zan dawo, ni da kaina zan riƙe hannun Larai in kai ta gaban alƙalai." Haka ka faɗa min a tashar Ɗambatta, ƙafarka ɗaya a cikin mota. Damina huɗu ke nan. Na so in fara da gaisuwa kamar yadda aka koya mana, amma wannan maganar ce ta riga ta zuwa bakin alƙalami. To ga gaisuwar: ina fata kana lafiya a Alƙahira, Allah ya tsare ka, ya sa albarka a abin da kake nema. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, tana fita tsakar gida da sanda. Matarka Safiyatu tana nan da kekenta, sai dai masu kawo ɗinki sun ragu, kowa abin da zai kai baki yake nema. Gero bai yi auki ba bana, taki ya fi ƙarfinmu, tun da mai ya tashi kuwa zuwa Kano ya zama sai da dalili.

Na daina bin lissafin kwas ɗin horar da 'yan alkafura da ka ce ya rage maka. Da farko ka ce katin da suka ba ka na matakin farko ne, sai ka yi na biyu. Da ka yi na biyun ka ce na wasan maza ne, na mata daban yake. Daga nan na ji masu wasa da ƙyalle da ƙwallo nasu daban, masu tsalle a kan raga nasu daban. Bara kuma ka ce manyan can sun sake dokokin ba da maki, kamar yadda suke yi duk shekara huɗu, kowa sai ya koma aji. Sama'ilu, ni malamar makaranta ce, na tsufa da alli a hannu. Na san ɗalibin da yake karatu, na kuma san wanda zaman ajin ne ya yi masa daɗi. Na ga hoton da ka turo wa Safiyatu, kana tallafe 'ya'yan mutane a kan katifa mai kauri. Ban ce neman abinci laifi ba ne. Amma ka bar min aiki a nan, kuma aikin ya kai inda ba zan iya ba.

Masussukar da ke bakin gonar Baba tana nan yadda ka ce a bar ta, ba a shuka ba. Ka san garinmu, ko tafin hannu ba a bari ba gyaɗa, sai ga fili a kwance a cikin wannan yunwa don yara mata su yi alkafura. Duk shekara Kawu Nababa sai ya zo ya tsaya a bakin filin, ya tambaye ni ko adungure aka fara tuƙa tuwo da shi yanzu, don ya sani. Ni nake haɗiyewa. Ni na bi gida gida ina lallashin iyayen yaran, ina rantsuwa cewa da dogon wando za su yi, kuma ba namijin da zai taɓa su sai kai, da ka zama uba gare su duka. Ni nake cika buhunan ƙaiƙayin da suke dira a kai in sun lotsa, ni nake sa a goge azarar da suke tafiya a kai kada sartse ya shige su. Ni da ban taɓa ɗaga ƙafa sama da kujera ba, ina riƙe da waya ina kallon yadda ake yi, ina ce wa yara su miƙe gwiwa.

Yanzu ka ji abin da Safiyatu ta kasa faɗa maka a waya. Bayan girbi an yi gasa a Kano ta zaɓen waɗanda za su je ta ƙasa, na kai yara uku da lambar katinka da ka turo. Biyun sun faɗi tun da wuri, don dandamalin can yana da wani abu a ƙarƙashi mai cilla mutum sama, su kuwa ƙasa suka sani da ƙaiƙayi. Larai ta tsaya gefe ta kalla, ta taka shi da ƙafa ta ji, ta gane. Da aka kira ta, wallahi 'yarka ta yi abin da ya sa wurin ya yi tsit. Alkafurar ƙarshe ta juya a sama ta dira cak, ƙafa biyu a haɗe, daidai gaban teburin alƙalai. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai furfura, sa'ar Inna. Larai tana ɗaga ido ta gan ta, sai ta zube gwiwa biyu, hannu a ƙasa, kai a sunkuye, ta gaishe ta. Ba ta ko tsaya ba tsakanin dirar da durƙuson. Abin da muka koya mata ke nan tun tana tatata, ba a tsayawa ƙerere a kan babba.

Alƙalan kuwa gwiwa suka gani da hannu sun taɓa ƙasa, suka rubuta faɗuwa, suka cire mata maki guda cur. Da shi aka wuce ta. Na sauko daga wurin 'yan kallo zanina yana harɗe ni, wani mai gadi ya tare ni a bakin igiya ya ce in nuna kati. Na ce masa ni gwaggonta ce, ni na kawo ta, gaisuwa ta yi ba faɗuwa ba. Ya ce Hajiya ki yi haƙuri, gwaggo ba ta magana da alƙali, sai koci, ina kocin? Na ce yana Masar yana karatu. Ya ce to Allah ya ba da sa'a. Daga baya na nemi dokokin na karanta su da kaina, na ga ko da kati ne a wuyana ba a dawo da makin faɗuwa. Ban ga laifin dattijuwar ba. Abin da yarinyar take bukata mutum ɗaya ne da ya taɓa tsayawa a wurin nan, ya ce mata in kin dira ki tsaya, ki ɗaga hannu, ita ce gaisuwarsu. Magana ce da ba ta kai shan ruwa ba. Kai ka san ta, ni ban sani ba.

A mota ba ta yi kuka ba. Sai da muka kusa gida ta tambaye ni ko gaisuwar ce ba ta yi daidai ba. Inna da ta ji labari ta ce wane irin wasa ne wannan da ake hukunta yarinya don ta gaida babba, in haka ne a bar musu kayansu. Kawu Nababa kuwa ya zaga filin yana taka ƙasar da dunduniya. Washegari da hantsi na tarar da Larai ita kaɗai a kan buhunan, tana dira tana ɗaga hannu ga bishiyar kuka, tana sakewa.

Na gaji, Sama'ilu. Ba irin gajiyar da barci yake magani ba. Masu shirya gasar sun ce daga yanzu ba za su karɓi lambar kati ta waya ba, sai koci ya zo da ƙafarsa ya tsaya da yaransa. Akwai sauran zaɓe ɗaya a tsakiyar damina, kuma bana ce shekarar Larai ta ƙarshe a rukunin yara. In ta wuce, sai ta shiga cikin manya waɗanda suka tashi a kan dandamali, ba wanda zai ko dube ta.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙe salla. Safiyatu tana gaisuwa, haka Kawu Nababa, da maigidana Malam Basiru da yara. Larai ta ce in gaishe ka, ban ƙara mata ko kalma ba, ita ma ba ta ƙara ba. Ka gaida Iliyasu abokin zamanka, ka yi masa godiyar maganin ƙafar da ya aiko.

Ga inda na tsaya. Na ba ka zuwa ruwan shuka. Ba saƙon murya nake so ba, ba hoton sabon kati ba, kai nake so in gani a bakin masussuka. In ruwa ya sauka ba ka zo ba, da safe zan ce wa Kawu Nababa ya shigo da shanunsa ya yi huɗa, in mayar wa kowane uba 'yarsa in ba shi haƙuri. Larai kuma zan ɗauke ta da kayanta in kai ta Ungogo wurin wata Malama Aishatu mai horar da yara mata, katinta na matakin farko ne kawai, amma tana gari. Na je na ga gidanta, na ga yaranta, ta ce za ta riƙe ta. Safiyatu ta yarda, Inna ta yarda. Ba izininka nake nema ba, sanar da kai nake yi, don kada ka ji a bakin wani cewa 'yarka ta shiga gasa da sunan wani koci. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Allah ya sa mu gana da alheri.

Yayarka,
Hure.