Babu Sunana a Kalandar Banɗakin Yayata

Goggo Aleid, don Allah ki taimake ni kafin in tafka abin kunya. Shekaruna hamsin da takwas, kuma duk dangi sun san ni da barkwanci, ko a wajen jana'iza sai na sa wani ya ƙunshe dariya.

Watan jiya muka je bikin ranar haihuwar yayata Geertje a Zwolle. An zagaye falo da kujeru kamar kullum, kowa da kofinsa da yankan kek ɗaya. Da na shiga banɗaki sai na ga ta rataye sabuwar kalandar ranakun haihuwa a bayan ƙofa, kamar yadda aka saba a gidajen ƙasar nan. Na buɗe watan Maris, na tarar tara ga wata, ranar haihuwata, wayam. Na bi sauran watannin, ga sunan likitan haƙoranta, ga na karenta Fikkie. Ni kuwa da muke uwa ɗaya uba ɗaya, babu.

Na fito na shaida wa jama'a cewa daga bana na daina tsufa, ban faɗi dalili ba, aka yi ta dariya. A hanyar gida na balbale mijina Wiebe da faɗa, wai yana tuƙa keke kamar agwagwa, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Tun ranar sau huɗu na wanke tagogin gidana. Ni fa abin bai dame ni ba, wa zai damu da takardar banɗaki? Dama Geertje akwai riƙo tun muna yara. Gaskiya ne da aka yi mata aikin ƙugu bara ban leƙa asibiti ba, amma ai na aika da kati mai ban dariya, kuma warin asibiti tayar min da zuciya yake.

Saura mako uku tara ga Maris. Shekara talatin Geertje ba ta taɓa fashin zuwa min da kek ɗin tuffa a ranar ba, bana kam ban sani ba. Na san mutum ba ya rubuta sunansa a kalandar wani, amma har na sayi biro irin nata. In lallaɓa in rubuta?

Mai Dariya, Deventer

Mai Dariya, ajiye biron nan tukuna. Wanda abu bai dama ba, ba ya wanke taga sau huɗu ana tsakiyar ruwan sama na Fabrairu.

Kin ji zafi, kuma ba laifi ba ne. Idan abu ya yi wa zuciya nauyi, takan ɗaga garkuwa ba tare da ta nemi izininmu ba. Taki garkuwar dariya ce. Da ita ba ta isa ba, kika sauke fushin a kan Wiebe, don shi ba zai gudu ba. Sannan kika ce Geertje ce mai riƙo, alhali ke ce ba ki yafe wa kanki zancen asibiti ba. Ina zargin ba wari ne ya hana ki zuwa ba, tsoro ne na ganin yayarki kwance ba ƙarfi. Kowa na yin irin wannan, ni ma ina da tawa garkuwar. Amfaninta ta ba mu damar numfasawa, illarta kuma takan tare har mai son rungumar mu.

Ta ɓangaren Geertje, mai yiwuwa ta bar gurbin da gangan saboda ta ji haushinki, kuma tana da hujja. Mai yiwuwa kuma ranar da ta haddace tun tana ƙarama ba ta ga dalilin rubuta ta ba. Daga cikin banɗaki ba za ki taɓa sanin wanne ne ba.

Ki fara ba Wiebe haƙuri. Sannan ki kira Geertje ku sa rana cikin makon nan, ku biyu kawai. Minti biyar na farko ban da wasa ko ɗaya. Ki gaya mata kin tsorata bara, kin kasa zuwa, kuma abin na cin ki har yau. Zancen kalanda ya zo daga baya, in ma ya zo. Shekara guda ke nan tana jiran ki tambaye ta yadda ta ji a gadon nan, sai ki tambaye ta, ki yi shiru ki saurara.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya nuna miki tara ga Maris lafiya.

Goggo Aleid