Shekarun Baban Amina

Assalamu alaikum ɗiyata Hanaa,

Ina gajiya, ya mai gidanki da yara, ya zafin Bur Sudan? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar nan tawa. Ki yi haƙuri da rubutun, wayar Kulu matar yayanki ce na ara, ga yatsa ba ya jin magana.

Zancen Amina ne, ɗiyar yayanki da Kulu. Kin san an buɗe madarasa, an kawo musu sabuwar ustaza daga Sinja, mai kirki. Lissafinta duk na mutanen da ne. Sai ta ce an gama kazan, wato madatsar ruwan Sinnar, a 1925, yau shekara nawa, yara su ɗebe. Rannan ta ce kowa ya tambayo a gida shekara nawa kakanninsa sunka yi a hanya daga yamma. Na ce wa Amina kakana shekara bakwai ya yi daga Sakkwato da ƙafa, yana noma yana tafiya, da niyyar Makka.

Hanaa, yarinyar nan ta zauna bakin murhu ina toya kisra, wainarmu ta dawa, ta ƙirga da yatsu. Wai Babanta ya yi biyu a hanyar Makka, saura biyar ya komo. Tana murna har da tsalle. Kisrar ta ƙone ban sani ba. Kulu ta shige ɗaki.

Ke kika ce a ce mata Makka ya tafi, tunda ba ta ga gawa ba, muna gudun hijira sa'adda anka kashe shi bakin hawasha, gonarsa. Na yarda lokacin don tana ƙarama. Yanzu ta iya ɗebewa. Kuma ban gaya mata kakan nawa bai kai Makka ba, bai koma gida ba, nan anka rufe shi. Ki ba ni shawara.

Ki gaida mai gidan.
Innarki, Habi

Assalamu alaikum Hanaa,

Da fatan kun tashi lafiya, ya jikin ƙaramin, tarin ya sauka? Saƙonki ya iso, kin ce a bari ta ƙara wayo. To wayon ya zo bai jira mu ba.

Satin nan ustaza ta koya musu wani. Mutum yana da lamba biyu, ta haihuwa da ta rasuwa, a ɗebe a ga shekarunsa. Amina ta ce mai rai lamba guda gare shi, sai ka ɗebe daga bana. Ta yi na uwarta, ta yi nata. Ta zo na Babanta. Ni ina na san lamba, na ce shekarar babbar ambaliya na haife shi, da ruwa ya ci gidajen Khartum. Ta kai wa ustaza, ustaza ta ce 1988.

Ustazar ta biyo ta har gida. Na dafa mata jabana, gahawarmu. Ashe ƙauye duka an sani, har yaran ajin, ta ce tana tsoron wani ya faɗa wa Amina cikin faɗa. Kulu ta ce ita bakinta ba zai iya ba, ni ce uwa.

Ki yi mini addu'a.
Innarki, Habi

Assalamu alaikum ɗiyata,

Ina wuni, ya yara. Na gaya mata.

Bayan la'asar na kama hannunta munka bi bakin tur'a, magudanar ruwan gonaki, har maƙabarta. Na nuna mata na kakana tukun, na ce ga mai shekara bakwai ɗin, nan tafiyarsa ta tsaya. Sannan na nuna mata ɗayan. Na ce Babanki lamba biyu gare shi, ta biyun 2024.

Ba ta yi kuka ba, Hanaa. Ta tsuguna ta ɗauki tsinke ta rubuta a ƙasa, babba sama ƙarama ƙasa, yadda anka koya mata. Har da aro. Ta ce talatin da shida. Ni da na haife shi ban taɓa sani ba. Ta tambaye ni talatin da shida da yawa ne ko kaɗan. Na ce kaɗan ne.

Sai ta ce ustaza ba ta karɓar lissafi in babu sunan mai shi a sama, wai Habboba, wato kaka, ki faɗa in rubuta. Ta san sunan sarai, so take ta ji a bakina. Kin san ɗan fari, tun ran suna ban kira sunansa ba, daga in ce wancan sai in ce yayanku. Yana raye bai taɓa ji ba.

Na ce Hamid. Ta ce in ƙara, ba ta ji ba. Na ƙara da ƙarfi. Nan ta faɗo jikina, munka yi ta yi har anka kira magariba.

Yau ta tafi madarasa. Kada ki yi fushi da ni. In kin kira, ki nemi Kulu, ta fi ni bukata.

Allah ya jiƙan Hamid. Kin ga, na rubuta ma.
Innarki, Habi