Malam Bulus Zai Zauna a Ajina

Lahadi da dare, Bici

Yau bayan Misa a coci, Fada, limaminmu, ya sanar cewa ni zan koyar da katikis, masu wa'azi a ƙauyukanmu, tunda na gama digirina na tauhidi. Har da Malam Bulus! Shi ne ya fizge Littafi Mai Tsarki daga hannuna a gaban jama'a ina budurwa, ya ce, "Koma ki taya uwarki ɓarar gyaɗa." Ranar har Inna sai da ta yi kuka.

Ɗazu ya tare ni yana washe baki: "Malama, a sassauta mana." Na wuce abina. Shi zan fara tayarwa ya yi karatu, duk inda ya yi tuntuɓe in gyara masa da ƙarfi.

Na san zunubi ne. Zan furta wa Fada in nemi gafara, amma sai mun tashi daga aji.